Injin Waldar Malam Sanda

Malam Sanda na Dingaya mutum ne da ba ya son kai kayansa gyara. Tun yana saurayi shi ke sa wa fartanyarsa ƙota, shi ke ɗinke takalminsa, in rediyo ta yi shiru ya buɗe bayanta da bakin wuƙa. Yanzu ya haura sittin, yana noman gero da gyaɗa, yana da bijimai biyu na huɗa da amalanke. Abu guda ya gagare shi a gida, shi ne ƙarfe in ya karye.

Garmar shanunsa ta tsufa. Kowace damina sai ta ɓalle a wuya, ya ɗaure ta a bayan babur ya tafi Gwaram, ya wuni a benci yana kallon mai walda na haɗa ƙofofin mutane kafin a zo kansa. Damina uku yana wannan kallo, har ya gamsu cewa aikin nan babu wani asiri a cikinsa. Da bazara, bayan ya sayar da gyaɗarsa, ya ce wa matarsa Fatsuma zai je Birnin Kudu ya sayi injin walda nasa na kansa.

"Malam, ka taɓa riƙe abin nan kuwa?"

"Na gani da idona."

"Ni ma ina ganin direba kullum," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

A Birnin Kudu aka nuna masa shagon wani Salihu mai kayan lantarki. Salihu ya ji bukatarsa, ya sauko da wani ɗan inji ja mai igiyar ratayawa, bai fi akwatin rediyo ba. Ya ce shi ya dace da gyaran gida, ba ya shan wuta sosai.

To a gidan su Sanda akwai yadda ake sayen ƙarfe. Garma ce, ko gatari, ko tukunya, sai ka ɗaga ka ji nauyinta a hannu, mai nauyi ita ce mai ƙwari. Haka mahaifinsa ya koya masa, kuma bai taɓa yin nadama ba. Ya ɗaga jan injin da yatsu uku, ya ajiye, ya kalli Salihu.

"Kai, don ka gan ni da furfura za ka ba ni kayan wasan yara? Wannan ai gwangwani ne."

"Baba, na zamani ne, haka ake yin su yanzu."

"Wancan fa na lungu?"

Wancan wani tsohon inji ne baƙi, na hannu, mai ƙananan tayoyi. Sanda ya kama shi da hannu biyu, bai ko motsa ba. Nan take ransa ya kwanta. Da ya ji ma kuɗinsa bai kai na jan ba, sai ya tabbata da can so aka yi a cuce shi.

"Baba, wace wuta gare ku a can?"

"Wuta ai wuta ce."

Salihu ya buɗe baki zai yi bayani, Sanda ya ɗaga masa hannu. Ya sha jin surutun 'yan kasuwa. Mutum huɗu suka ɗora injin a mota, mutum huɗu suka sauke shi a Dingaya. Aka tura shi zaure, aka rufe da tabarma.

Ruwan farko aka shuka gero. Ruwa na biyu mai ƙarfi ya sauka ran Talata, shi ne na gyaɗa. Gonar Sanda jigawa ce, in ta sha ruwa, kwana uku kawai gare ka ka yi huɗa, in ka wuce haka ta bushe, sai ka zauna jiran wani ruwan da ba ka san ranarsa ba. Ran Laraba da safe ya ɗaura bijimai. A kunya ta tara garma ta ci karo da kututture, ta ɓalle a inda ta saba.

Bai ji haushi ba. Har murmushi ya yi a hanyar gida.

Ya aro ɗan janaretan maƙwabcinsa Safiyanu, wanda ake cajin waya da shi. Ya haɗa wayoyi yadda ya ga ana yi, ya maƙala sandar walda, ya taɓa ƙarfe. Janareta ya yi gurnani, ya shaƙe, ya mutu. Aka tayar, ya sake mutuwa. A karo na huɗu Safiyanu ya sunkuya ya zare wayarsa.

"Malam, ka yi haƙuri, shi kaɗai gare ni."

Sanda ya kira Salihu a waya.

"Injinka ba ya aiki."

"Yana aiki, Baba. Babbar wuta yake so. Jan nan da ka ƙi, da matsakaicin janareta ma ya ɗauke shi. Abin da na so in gaya maka ke nan."

"To me ya hana ka faɗa?"

Kafin Salihu ya amsa, Sanda ya kashe wayar. Ya kira mai waldar Gwaram, aka ce ya tafi aikin gini Dutse, sai mako mai zuwa. Ya zauna a kan injin, don ya fi kujera tsayi, yana kallon rana na ƙara zafi. Fatsuma ta kawo masa kunu ta ajiye.

"Ko dai a bar shi a zaure? Baƙi sa samu wurin zama."

"Fatsuma, don Allah."

Ran Alhamis da sassafe ya tara maza huɗu suka ɗora injin da garma a amalanke. Bijiman da ya kamata a ce suna gona, su ne suka ja kayan zuwa wajen casar shinkafa na Alhaji Rabi'u a hanyar Gwaram, inda akwai babban janareta. Duk wanda suka gamu da shi sai ya tambaya, "Malam, ina zuwa da injin niƙa?" Ya gaji da amsawa.

Alhaji Rabi'u ya yi dariya sosai, amma ya ba shi wuta. Injin ya ɗauka yana ruri. Sai wata matsala ta taso, sandar walda ta riƙa liƙewa a jikin ƙarfe. Ya fizge, ta liƙe. Da ya ƙara wuta kuma sai ya huda wuyan garmar. Ashe mai waldar nan ba taɓawa kawai yake yi ba, akwai wata 'yar tazara da yake bari, wadda ba a gani daga benci. Sanda ya samo gutsuren ƙarfe ya yi ta gwadawa a kai, ido na hawaye, har bayan azahar hannunsa ya fara ganewa. Ya ɗora faci a wuyan garmar. Aikin ya fito da ƙulu-ƙulu kamar gidan zanzaro, amma ya buga da guduma bai saki ba.

"Injin fa?" in ji Alhaji.

"A bar shi nan. Ba na sake ɗaukarsa."

Ran Juma'a ya isa gona kafin rana ta fito. Ya tona ƙasar tudu da yatsa, ta bushe har gaɓa biyu. Ya yi tsaki, ya kora bijimai zuwa gangare, inda sauran danshi yake. Garma ta shiga ƙasa ta riƙe. Kafin lokacin masallaci ya huɗe rabin gonar, aka bi da iri. Rabin tudun kuwa sai da ya jira ruwa kwana goma sha ɗaya.