Gidan Donka a Gefen Allo

A tashar jirgin ƙasa ta garin Ruse, tsohuwa Donka tana kallon wani mutum mai koɗaɗɗiyar riga, yana jera ƙananan murabba'ai a kwamfuta: ciyawa, rafi, rufin gidaje. Filin wasan kwamfuta yake ginawa. Da ta ga karkatacciyar hasumiyar coci a allon kwamfutar, sai ta gane ƙauyensu ne da ya zama kufai. Wataƙila shi ma can aka yanke masa cibiya.

Ya danna maɓalli, ƙasar ta soma zamewa hagu.

"Kai ɗan nan, ina ka kai gidana?"

"Iya, abin da ya fita daga allo goge shi ake yi. Na'ura ba ta wahala kan abin da ba a kallo."

Donka ta gyara ɗankwali.

"Ashe wajen 'ya'yana ta koyi hali."