Man Keken Inna da Bindigar Kaka

Warin tsatsa da na tsohon man kaɗe ne suka tare ni tun kafin in gama shiga zaure. Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na dawo daga makaranta da tsintsiyata a hannu, ƙafafuna duk taɓo. Na iske Kaka Manu, mahaifin babana, zaune a kan buzunsa, ya ɗora wani dogon abu a cinya yana warware tsummokaran da aka naɗe shi da su. Wani tsumman yana taɓawa yake yagewa don tsufa. Da ya kai ga na ƙarshe sai ga bindiga, doguwa, ƙarfenta ya yi ja, ƙotarta ta bushe ta yi furu-furu. Tun da na yi wayo nake ganin ƙunshin nan a rataye a rufin zaure, gizo-gizo ya yi masa saƙa, ban taɓa tambayar mene ne ba. Na ɗauka tsohuwar tabarma ce.

Ya ɗago kai ya ga na toge a bakin ƙofa. "Amaryata, shigo, kada ki ji tsoro," in ji shi. "Wagga tsohuwa ta girmi ubanki, kuma yadda take yau ko kaza ba ta iya tadawa."

Ƙauyenmu yana tsakanin Jega da Maiyama, ba nisa da Dangamaji, gefe guda jigawa, gefe guda fadama. A tsakiyar daminar nan babana ya faɗi a kan mashin ya karye a cinya, aka ɗauke shi zuwa wurin masu ɗori a Aliero, aka ce sai ƙashi ya kama zai dawo. Ɗan abin da ke gidan ya bi shi can. Geronmu na jigawa bai sami maimai a kan lokaci ba, ciyawa ta fi ƙarfinsa. Saboda haka idon kowa ya koma kan shinkafar fadama, wadda Baba ya shuka da hannunsa kafin ya faɗi. Ita ce abincinmu na shekara, babu wani bayanta. Ta yi kyau kuwa. Ta fitar da kai, ƙwayar ta fara nono, in ka matsa sai farin ruwa ya fito maka a yatsa. Daidai lokacin ne tsuntsayen jan-baki suka sauka.

Ni da ƙanena Nasiru aka ba tsaro. Da sassafe mukan tafi, raɓa tana jiƙa mana zane da wando, mu hau 'yar rumfar da aka kafa a kan dirkoki a tsakiyar gona. Daga rumfar igiyoyi suka tashi zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. Ka ja igiya, gona duka ta ɗauki kwaramniya. Nasiru yana da majajjawa, ni kuwa murya kawai. Malamanmu sun san halin da ake ciki, ba su dukan wanda ya makara a watan nan, don rabin aji suna fadama. In tsuntsaye suka lafa da hantsi, kafin mu ruga makaranta, mukan ɗan taɓa carafke da 'yan gonar maƙwabta, ko mu gasa fara a kan karmami. Ni dai nakan shagala da kallon sama. Jan-baki in sun taso daga kurmin bakin gulbi kamar hayaƙi suke, su miƙe, su naɗe, su baje, ƙarar fukafukansu kamar ruwan sama na tahowa daga nesa. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ya tsoratar da ni haka ba.

Da farko gwangwani yana korar su. Daga baya suka saba, su ɗan tashi su sake sauka a bayanmu. Gonakin da ke kewaye da mu akwai magidanta masu bindiga, kuma duk garken da aka kora daga can, gonarmu yake faɗowa, don ita ce mai shiru. Abin da ya sa Kaka ya sauke ƙunshinsa ke nan, shi da ya bar farauta tun kafin a auro mahaifiyata. Ya ce ba harsashi zai sa ba, albarushi kawai, tsawa ake nema ba nama ba.

Ya duƙufa yana goge tsatsa da toka da lemon tsami, har ƙarfe ya fara nuna baƙinsa na asali. Sai aka zo kan maganar mai, kuma a nan zaure ya cika da masu shawara. Wani ya ce man gyaɗa, Kaka ya ce yana daɗewa yake komawa danƙo, ga shi yana kiran tururuwa. Wani ya ce baƙin man injin ban-ruwa, Kaka ya murza shi a yatsa ya ce akwai datti a ciki. Man kaɗe shi ya sani tun yana saurayi, amma ya ce da sanyin safiya yakan daskare ya riƙe kunamar bindiga, kuma aikin nan duk na safiya ne. Ana cikin haka sai ga Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, wanda yake kabu-kabu a Maiyama, ya zo duba mu. Ya saurari gardamar yana murmushi, ya fita wurin mashin ɗinsa ya dawo da gwangwanin giris. Ya ce mashin da ke keta taɓo zuwa Jega ya dawo bai yi tsatsa ba, da wannan yake rayuwa, balle bindigar da tafiyarta daga zaure ce zuwa fadama. Kaka ya shinshina, ya ga kauri, ya ga sheƙi, abin ya burge shi. Su biyun suka zauna suka cusa mata giris ciki da waje, kowane lungu, ba rowa. Kafin magariba tana ta ƙyalli.

Washegari muka tafi tare. Kaka yana gaba da bindiga a kafaɗa, ya miƙe bayansa fiye da yadda na saba gani, mutanen da muke wucewa suna yi masa kirarin farauta cikin wasa. Ya tsaya a kan kunyar gabas, ya ɗura, ya jira. Da garken ya taso ya rufe mana hasken rana, ya ɗaga bakinta sama ya ja kunama. Ƙas. Ya gyara ya sake ja. Ƙas. Ba wuta, ba hayaƙi. Tsuntsaye suka zubo a kan shinkafa kamar an juye buhu. Muka yi ta jan igiya, muna gudu, muna ihu har muryata ta dushe, Kaka kansa ya ajiye bindiga ya tuɓe rigarsa yana kaɗawa. Kafin rana ta yi zafi, gefen gabas duka ya koma fari, zangarniya a tsaye ba nauyi. Wani maƙwabcinmu ya leƙo daga gonarsa ya tambaya ko tsohuwar ta ɗauki azumin magana ne. Kaka ya zauna a kan kunya, ya tsinko zangarniya ɗaya ya murza, ƙaiƙayi zalla ya zubo. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. A ranar na fara fahimtar cewa abinci yana iya ƙarewa a gida irin namu.

A gida aka gano abin da ya faru. Akwai wani ɗan rami ƙarami da wuta ke bi ta isa ga albarushi, giris ya toshe shi, wanda aka cusa a ciki kuma ya jiƙa albarushin. Kawu Sani ya rasa inda zai sa fuskarsa, ya yi ta ba da haƙuri. Kaka ya ce masa, "Bari, Sani, mu biyu munka yi. Mun ciyar da ita kamar ragon layya, ta ƙoshi ta kasa magana." Aka dafa ruwa aka yi ta ɗurawa, aka bi da kananzir, aka shanya ta a rana a kan tabarma. Zuwa azahar ta fita tas, amma kunamar ta koma yin ƙara tana cijewa, kuma ƙarfen da aka wanke ba a shafa masa komai ba kafin gobe zai sake ja. Muka koma inda muka fara. Kaka ya zauna ya tasa ta gaba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana da keken ɗinki na ƙafa, da shi take ɗinka wa matan ƙauye. Ƙararsa ita ce ƙarar gidanmu, da ita nake barcin rana tun ina ƙarama. Tana da 'yar kwalbar man keke mai dogon baki, fari kamar ruwa, wadda take ɓoyewa a cikin kwalla inda hannunmu ba ya kai, ta ɗiga wa keken ɗigo-ɗigo kamar maganin ido. A ranar na ji keken ya yi shiru. Inna ba ta magana da Kaka kai tsaye, kunyar suruki, ni ma ba ta kiran sunana don ni ce ta fari. Ta zo ta durƙusa a bayan zanar da ta raba zaure da cikin gida, ta miƙo mini kwalbar, ta yi magana da muryar da ta san yana ji.

"Ke, ce ma Baba in wanga na yi, a gwada."

Kaka ya karɓa ya ɗaga ta a haske. Man bai kai rabi ba. "Ce ma uwarki, keken fa?"

"Ce mishi keke na iya jira."

Ban maimaita ko ɗaya ba, kai kawai nake juyawa tsakaninsu. Kaka ya aike ni in samo gashin kaza. Ya tsoma bakin gashin a kwalba ya taɓa mahaɗar kunama, ya ja, ya saki, ya sake taɓawa, har ƙarar ta ɓace ta koma wani ɗan sauti mai daɗi. Ya ɗiga kaɗan a tsumma ya bi ƙarfen da shi, sannan ya ɗauki busasshen tsumma ya goge har na ce masa ai ya kwashe duka. Ya ce wanda ido ke gani ba shi ke aiki ba. Cikinta ya bar shi a bushe ƙarau, ɗan ramin nan ya huda shi da ƙaya ya hura. Man kaɗe kuwa ya narkar a rana ya shafa wa ƙota ita kaɗai, icen ya sha ya yi duhu. "Icce na son ƙoshi," in ji shi, "ƙarhe ɗanɗano kawai yake so."

Da safe, lokacin da garken ya taso, na toshe kunnuwana ba don na yarda za ta tashi ba. Na ji ta a ƙirjina kafin in ji a kunne. Farin hayaƙi ya miƙe, amon ya bi fadama ya bugi kurmi ya dawo, tsuntsayen nan suka tsage gida biyu suka yi sama suka nufi hayin gulbi. Nasiru ya kusa faɗowa daga rumfa don tsalle. Maƙwabcin nan ya ce to, ta sha ruwa. Kaka ya yi dariya har tari ya kama shi.

Haka aka yi ta yi safe da yamma har shinkafa ta nuna. Kullum in mun dawo sai Kaka ya wanke ta da ruwan zafi, don toƙar albarushi tana jawo tsatsa, ya shanya, sannan ya aike ni cikin gida in karɓo kwalba. Aka yanke shinkafa daf da sallar layya. Ban da gefen gabas, duk ta tsira, rumbu bai cika ba amma ya kai mu wata damina. Baba ya dawo yana dogara sanda, ya rame, ya zauna a zaure aka kawo masa tuwon sabuwar shinkafa, ya ci yana sauraron labarin giris daga bakin Kawu Sani, wanda ya riga ya mayar da abin almara.

Yanzu Kaka ya daɗe da rasuwa. Baba yana tafiya ba sanda, Nasiru ke noma fadamar, har da rani, kuma raga yake shimfiɗawa a kan shinkafa in tsuntsu ya matsa. A yau in aka ji ƙarar bindiga a ƙauyukanmu, mata 'ya'yansu suke fara ƙirgawa da ido. Nakan so yaran gidanmu su san an yi lokacin da wannan ƙarar take nufin za a ci tuwo, kuma ina sa rai za su ga irinsa. Fadamar dai tana nan kore.

Bara, da na zo hutu daga jami'a, ina taya Inna kwashe kayan akwatinta don a shanya, na ci karo da rigar da na sa a sallar wannan shekara, 'yar atamfa ruwan ganye da na yi ta yanga da ita. Na juya cikinta sai na ga ɗinkin bai yi kama da na keke ba, ƙanana ne, wasu sun ɗan karkace. Na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce ai man ya ƙare tun kafin a yanke shinkafa, babu halin sayen wani, ta sa wa keken man gyaɗa, ya yi danƙo ya tsaya cik, sai bayan an sayar da albasa aka kai shi Jega aka wanke. Rigata, da ta Nasiru, da ɗinkin sallar matan da suka riga suka kawo mata yadi, duk da allura ta yi su a hannu.