Fis Ɗin Yana Aljihunka, Auta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha tara ga watan Mayu, da hantsi, wutar lantarki ta kashe ƙanena Auta a cikin silin ɗin benen da yake haya. Mai aikin wayarin lantarki ne, a sana'ar ya tashi, a cikinta ya mutu. Ya bar mata da 'ya'ya, ya kuma bar ni, yayarsa da ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu.

Auta, da kai zan yi magana, don masu rai sun ishe ni. Tun kafin a sauko da gawarka suka gama yanke maka hukunci. Wai mantuwa ka yi, ka hau aiki ba ka kashe wuta ba. Mai gidan hayar ne ya fara faɗin haka, maƙwabta suka ɗauka, masu zuwa gaisuwa suna girgiza kai suna cewa ai gwanin iyo shi ruwa ke ci. Duk wannan na shanye. Abin da ya gagare ni shanyewa shi ne ranar da matarka ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ya zai yi mana haka? Ya zai manta?" Sun kashe ka, sun kuma sa matarka tana jin haushinka a kabari.

Kai da mantuwa? Kai da ka hana ni sakat a gidana! Ranar da ka tarar na jona firji da dutsen guga da tukunyar ruwan zafi a soket ɗaya, sai da ka yi mini faɗa kamar kai ka goye ni. Ka ce, "Yaya, soket ba jaki ba ne." Ka ja wa kowanne layinsa daga akwatin raba wuta, sannan ka haƙa rami a bayan ɗaki, ka binne sandar ƙarfe, ka ɗaura mata waya. Na ce wayar da ba ta kunna ko ƙwai ɗaya, ina amfaninta? Ka ce ita ce mai gadin gidan, ranar da za ta yi aikinta ba zan ma sani ba. Na zage ka don ka ɓata mini tsakar gida, kai kuwa ka yi dariya ka cinye mini abincin rana.

A benenku akwai tsohuwar da kafaɗarta ta sage. Babu wanda ya lura cewa da sanda take kunna fitila sai kai. Ka sassauko mata da makunnan ɗakinta zuwa inda hannunta ke kaiwa, ka tafi ba ka tsaya jin godiya ba. Haka kake. Gidan nan kaf, babu ɗakin da ba ka shiga da filaya da salatif ba, kuma mafi yawansu ko ruwa ba su ba ka ba.

Kana da ɗabi'a guda da duk wanda ya san ka ya sani. Ba ka taɓa waya sai ka je ƙarƙashin matakala, inda mita da akwatin wuta suke, ka zare babban fis ɗin gidan ka jefa a aljihun wandonka na dama. Saboda haka aljihun nan kullum a yage yake, matarka ta ɗinke shi har ta gaji. Na taɓa tambayarka me ya hana ka kashe makunni kawai. Ka ce makunni kowa na iya tayar da shi, amma abin da ke aljihunka sai an kayar da kai.

A ƙasan benen akwai shagon wanki da guga. Mai shagon abokinka ne, tare kuke zaman hira da yamma. Duwatsun gugarsa suna jan wuta da yawa, fis ɗin ba ya daɗewa sai ya ƙone, shi kuwa ya zauna zugum da kayan mutane har ka dawo daga aiki. Tausayi ya kama ka. Ka kawo masa fis na biyu daga jakarka, mai jan salatif ɗin da kake naɗa wa kayanka, ka nuna masa yadda zai zare ƙonanne ya sa wannan. A gabana ka gargaɗe shi, ina tsaye ina jiran ka raka ni. Ka ce, "In ka ga fis ya ƙone, canja. In ka ga gurbin babu komai, kada ka taɓa, mutum na kan layi." Ya ce ya ji, har da dafa ƙirji.

Ni aka miƙa wa kayan da aka cire daga jikinka. Na kasa duba su sai da aka watse zaman makoki. Da na ɗaga wandon, wani abu mai nauyi ya bugi gwiwata. Na sa hannu a aljihun dama, sai ga fis, lafiya ƙalau, ko ƙonewa bai yi ba. Ban yi kuka ba, Auta. Mayafina na ɗauka, na tafi benenku, na shiga ƙarƙashin matakala na buɗe akwatin. Gurbin a cike yake, jan salatif ɗinka yana kallona.

Ka zare fis, ka hau silin. Wuta ta ɗauke wa mai guga da rigar wani a gabansa. Ya leƙa, ya ga gidajen maƙwabta da wutarsu. Ya je akwati, ya ga gurbi wayam, ya koma shago ya ɗauko kyautarka ya cusa. Bai ɗaga kai ya ƙwala kira ko sau ɗaya ba, alhali kana samansa, in ya yi tari ma za ka ji. Kana can kana ƙonewa, shi yana fesa wa riga ruwa.

Wannan ma da na iya cewa tsautsayi, wanda ba ya wuce ranarsa. To amma ya zo gaisuwa. Ya zo cikin farar riga mai karin guga, ya zauna kusa da mai gidan, ana cewa mantuwa ka yi yana gyaɗa kai. Da kunnena na ji shi yana cewa, "Allah Sarki, ɗan Adam ajizi ne." Ya sha ruwan gidanka, ya shafa kan 'ya'yanka, ya tashi ya koma kan gugarsa.

Jiya na kai masa wandonka. Na mayar da fis ɗin inda na same shi, na ninke wandon, na ajiye masa a kan tebur na ce a wanke, a goge. Na san sana'arsu: ba sa jiƙa kaya sai sun lalube aljihu. Na tsaya ina kallo. Ya sa hannu a na hagu, babu komai. Ya sa a na dama. Hannun bai fito ba, ya zauna daɓas a kan tulin kayan wanki.

"Yaya, wallahi ban san yana sama ba."

Na ce, "Wannan tsakaninka da Allah. Amma ka san bai manta ba, kuma ka bari matarsa tana kuka da shi."

Ya roƙe ni in rufa masa asiri, wai yana da iyali. Na ce masa kai ma, Auta, kana da su. Ya nemi gafara, ban ba shi ba, kuma ba zan yi wa Allah ƙarya a takardar ta'aziyya in ce na yafe ba. Masu cewa in bar wa Allah, na bar masa hukunci, amma sunan ƙanena ni zan wanke shi.

Ya Allah, Ka jiƙan Auta, Ka gafarta masa, Ka sanyaya makwancinsa. Yadda ya haskaka ɗakunan bayinKa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sada shi da iyayenmu a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, Allah Ya raya su, Ya tsare su da abokan da ake yi wa alheri. Ke kuma ƙanwata, matarsa, share hawayenki ki yi masa addu'a da zuciya ɗaya: mijinki bai manta da ku ba, bai manta da komai ba.

Mai guga kuwa, ina roƙa masa tsawon rai da lafiyar hannu. Wandon yana shagonsa, ban karɓo ba, ba kuma zan karɓo ba. Allah Ya yawaita masa aiki, kowace riga da aljihunta.