Ranar da Na Jefi Gauraki

Ni baduku ne, amma a unguwarmu ta Birni an fi sanina da yawon kallon tsuntsaye. Da sanyi ya shigo, zama ba ya yi mini. Ina sallame asuba sai in yafa bargo in bi ta bayan ganuwa, in ratsa duwatsu zuwa wani tafki a hanyar Gaffati. Matata takan ce da a ce da ƙafa ake ɗinkin fata, da tuni na yi arziki.

Akwai kirinjijiya da zalɓe a wurin, amma don wasu gauraki biyu nake zuwa. Tun kafin Faransawa su gama ginin barikinsu nake ganinsu suna rawa a bakin ruwa. Sun saba da ni har ba sa ɗaga kai in na iso. Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana, duk majalisar da na zauna sai na ba da labarinsu.

Labari ya kai bariki. Wata Laraba wani gardi, dogarin bariki, ya tsaya a ƙofar rumfata, ya ce kumandan, Baturen bariki, yana son kan gauraka da tukkunsa ya rataye a ɗaki, kuma ni zan raka shi tafkin gobe da hantsi.

"Malam, ka dai ji," in ji shi. "Kada in zo in tarar ba ka nan."

Washegari na riga kowa fita. Sanyi yana cizon yatsu, ni kuwa gumi nake yi. Na kewaye tafkin, na dawo, na sake kewayewa, na rasa inda zan sa kaina. Gaurakin suna nan tsaye a ruwa. Na yi musu tafi don su tashi, suka dube ni kawai. Na kaɗa bargo, sai ma namijin ya tako wajena. Haushi ya kama ni, don ni na koya musu wannan sakarcin. Na ɗauki dutse na jefa da ƙarfi, na sami macen a fiffike. Suka tashi da kuka suka yi gabas.

Da hantsi na raka kumandan, bai tarar da gauraki ba, ya harbi agwagin ruwa, ya zage ni ta bakin tafinta, na yi kwanaki ina dakon duwatsu a aikin bariki.

Da sanyi ya zagayo suka dawo, su biyun. Tun daga nesa suka hango ni suka tashi. Abin da na nema ke nan, kuma har yau yana yi mini ciwo.