Hannun da Ba a Goge Ba

A bencin tashar mota take zaune kusa da ni, da mayafi ruwan toka, lallen yatsunta ya fara koɗewa. Kwandastoci na ta ihu, amma ita kamar a wata duniya take. Wayarta kawai take shafawa da ɗan yatsa, a hankali, kamar mai goge wa majinyaci gumi.

Ina satar kallo. Hoton wani dattijo ne a gadon asibiti, yana murmushi. Duk inda yatsanta ya bi, sai abu ya narke. Ƙarfen ƙarin ruwa ya tafi, kwalaben magani sun bi shi. Bango ya cike gurbinsu fari tas, sai ka ce ba a taɓa ciwo a ɗakin ba.

Goshinsu iri ɗaya ne. Ina jin hoton da za ta rataya a falo take nema, wataƙila kuma wannan ne murmushinsa na ƙarshe.

Saura allurar da ke bayan hannunsa. Tana shafa ta, sai wayar ta haɗiye hannun gaba ɗaya.

"Wayyo, Baba!" Nan take ta dawo da shi.

Ta juyo, ta kama ni ina kallo. "'Yar'uwa, kamar a gida yake, ko?"

Na ce, "Sosai. Sai dai allurar."

"A bar ta," in ji ta, tana rungume wayar. "An riga an raba ni da hannun nan sau ɗaya."