Kiran Ɗan Fari a Kan Ƙanƙara

Mu ba mu da murhu a Vaulx-en-Velin, can gefen birnin Lyon. Abin da muke da shi wani ƙarfen ɗumama ɗaki ne manne da bango a ƙarƙashin taga, a hawa na shida, wanda muke kira shofaj. Nan Kaka ta shimfiɗa tabarmarta tun ranar da ta sauka daga Nijar, ta jingina bayanta, ta ce wuta dai wuta ce ko ba hayaƙi, kuma inda wuta take nan ake tatsuniya. Shekarata tara a lokacin. Aikin ido ne ya kawo ta Lyon, yanar ido ta rufe mata idanu biyu, likita ya ce sai an yi ɗaya ya warke kafin a taɓa ɗayan. Shi ya sa ta ci sanyin shekarar nan kaf tare da mu.

Ban karɓe ta hannu bibbiyu ba, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Hausata a lokacin ta aike ce kawai: zo, kawo, kai, bari. In ta fara labarin kura da kurege bayan sallar isha'i, kunnena ɗaya na wurinta, idona biyu na kan tele. Ita kuma ba ta barin ta kwana. "Madam," haka take kirana, "ke da bakinki ya cika da Faransanci awa kin haɗiye rediyo, matso ki ji maganar mutane."

Gidan namu ba daɗi a wannan sanyin. Yayana Nasiru ya bar gida wata biyu kafin zuwanta. Ya ajiye karatun jami'a, ya ce girki zai koya a wani ƙaramin gidan abinci a Belleville, can Paris. Baba, wanda karatu ne ya fito da shi daga Maraɗi har ya kai shi ɗakin binciken magunguna, ya kasa haɗiye wannan. Ranar da suka yi faɗa ina laɓe a bayan ƙofa, na ji Nasiru ya ce da Faransanci, shekara goma sha tara yana gidan nan bai taɓa jin sunansa a bakin Baba ba, daga "kai" sai "yaron nan", alhali ni ana kiran Rabi sau goma a wuni. Nasiru ya ɗauki jakarsa. Daga ranar Mama ce kaɗai ke kiransa a waya, a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce mata ba zai taka gidan ba sai Baba ya kira shi da kansa. Baba kuma ya ce wanda ya fita da ƙafarsa ya san hanyar dawowa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Kaka ma ba ta kiran sunan Baba. Suna falo ɗaya, ba ta dubansa, sai ta ce da bango, "A hwaɗa ma maigidan ga tuwo na hucewa." Na ɗauka su ma faɗa suka yi. Mama ce ta yi dariya ta ce kunyar ɗan fari ce: Baba ne ɗanta na farko, kuma a gida uwa ko uba ba sa ambatar sunan ɗan fari, ba sa nuna sonsa a gaban mutane. Ni an gaya mini don na tambaya. Nasiru, wanda shi ma ɗan fari ne, bai taɓa tambaya ba, shi da ya tashi yana ganin iyayen abokansa suna kwarara sunan 'ya'yansu a bakin filin ƙwallo.

Wata Laraba da rana, ba makaranta, kwana biyu da yi wa Kaka aikin farko. Ido ɗaya a naɗe da bandeji, ɗayan kuma inuwa kawai yake gani. Ina ta sauya tasha sai na faɗa kan wani tsohon fim, baƙi da fari, muryarsa na ƙara kamar mai a kasko yana jiran ƙosai. Har zan wuce sai wani jirgin ruwa a cikin fim ɗin ya yi busa, doguwa, mai nauyi.

"Tsaya!" in ji Kaka. "Wa ya ɓace?"

"Ba kowa, Kaka. Fim ne."

"Wagga busa ba ta tahiya ba ce, ta kira ce. Hwaɗa mini abin da kike gani."

Haka na zama idonta, da 'yar Hausar da ba ta kai cikin cokali ba. Na ce teku ne ya daskare. Na ce maza ne da sanduna masu ƙugiya, suna tsalle daga wannan falalen ƙanƙara zuwa wancan, suna jan fatu da igiya. Dabbar da suke farauta ce ta gagare ni, don fok na san ta da Faransanci. Na ce kamar kifi take amma da fuskar kare, tana da gashin baki, ga ɗanta fari tas yana shan nono.

"Tana shayarwa, kuma cikin ruwa take? Ke, ayu ne!"

Ashe mahaifinta masunci ne a bakin kogin Gaya, yana farautar ayu da mashi daga cikin kwalekwale. Nan take dabbar ta zama ayun ƙanƙara a gidanmu, har yau kuma haka muke ce mata. Mutanen fim ɗin Turanci suke yi, rubutun Faransanci na gudu a ƙasa fiye da saurin karatuna, don haka abin da na gani kawai nake faɗa. Iska ta taso, fari ya rufe ko'ina, wasu maza suka kasa komawa jirgi, jirgin yana ta busa. Sai la'asar ta yi, Kaka ta ce a kashe ta yi salla. Ba mu ga ƙarshensa ba.

Da dare bayan isha'i Baba na zaune a tebur da takardunsa, ya ba mu baya kamar kullum. Kaka ta gyara zama a jikin shofaj, ta yi gyaran murya.

"Ga wata nan ta taho da sanyinta."

Mama ta amsa daga kicin, "Ta shigo mu ɗumama ta."

Ta ce akwai wata ƙasa inda kogi ke zama dutse a yi tafiya a kansa. Wani sarkin jirgi ya fita farautar ayun ƙanƙara da mutanensa, cikinsu har da ɗansa na fari. Dokar masu wannan farauta ita ce, in iska ta taso, sarkin jirgi zai tsaya a goshin jirgi ya kira kowa da sunansa, domin busa tana gaya wa mutum akwai jirgi ne kawai, ba ta gaya masa shi ake jira ba. Iska ta taso. Sarki ya kira Tanko, Tanko ya zo. Ya kira Ɗan Jumma, ya zo. Ya kira kowa, saura mutum ɗaya. Ya buɗe baki, kunya ta riƙe masa harshe a gaban jama'a, sai ya koma ya kama igiyar busa yana ta ja. Ɗan kuwa yana can a kan falalensa, ya ji busa sarai, ya ji sunan kowa ya wuce. Ya ce ashe jirgin ya cika ba tare da shi ba. Ya ajiye sandarsa ya zauna, ruwa ya fara tafiya da ƙanƙarar.

"Sai me ya faru?" na ce. Karo na farko ke nan da na manta da tele.

"Sai idona ya gaji," in ji Kaka.

Kwana uku tsohuwar nan ta bar yaron mutane a kan ƙanƙara. Kullum sai ta ƙara masa wata wahala, ta ƙi ƙarasawa. Rana ta biyu takalminsa ya jiƙe. Rana ta uku wata uwar ayu ta fito ta kwanta a jikinsa don ya ji ɗumi, duk da danginta ya zo kashewa, ta tambaye shi me ya hana shi tafiya ga jirgi na ta kuka. Ya ce ba a kira shi ba. Ni kuwa haushi ya kai mini wuya, na miƙe tsaye.

"Kaka, sarkin nan wawa ne!"

"Kul! Kar in ƙara ji." Ta juyo da bandejinta wajena. "Ba wawa ba ne. Haka anka rene shi, shi ma uwatai ba ta taɓa hwaɗin sunanai ba. Can gida kowa ya san abin da shirun ke nuhi, maƙwabta ma na hwaɗa ma yaro. Amma bisa ƙanƙara, ɗiyata, wa za shi hwaɗa mishi?"

Biron Baba ya daina motsi. Ya tura kujera baya, ya ɗauki waya ya fita zaure. Bangon gidajen nan ba ya rufa wa kowa asiri, duk mun ji. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ta kai inda ake barin saƙo. Can sai muka ji ya ce, "Nasiru. Ni ne." Ya sake cewa "Nasiru," a hankali, kamar mai ɗanɗana abincin da bai saba da shi ba. "Kakarka na nan. Akwai sanyi, ka riƙa sa riga mai kauri." Shi ke nan saƙon. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce idon ne ke ruwa, laifin likita ne. Da na matsa mata washegari ta ƙarasa tatsuniyar, cewa ta yi ba ita ke da ƙarshenta ba.

Nasiru bai amsa ba a makon nan, bai amsa ba a na gaba. Na ji haushinsa sosai, don kullum bayan isha'i sai Baba ya fita zaure ya sake kira, ni kuma ina ganin yadda yake dawowa. Sai ranar Asabar ta mako na uku muka ji ƙararrawar ƙofa. Nasiru ne, ya rame, hannuwansa duk tabon ƙuna. Ya durƙusa ya gaida Kaka, ta shafa kansa ta ce wane irin miji ne wannan da sai an yi masa busa. Shi ya yi mana girki a ranar. Baba ya ci bai yaba ba, bai kushe ba, amma ya miƙa faranti aka ƙara masa. Maganar karatu kuwa sun kai shekaru ba su daidaita a kanta ba, sai dai a gida ɗaya ake gardamar.

Bayan shekaru da yawa, ina karatu a Paris, Kaka ta riga ta rasu a Gaya, garin mahaifinta, na ga sanarwar wani ƙaramin silima da ke nuna tsofaffin fina-finai. Hoton maza a kan ƙanƙara da sandunansu na gani, na gane shi nan take. A nan na ji cewa yana cikin fina-finan farko da aka ɗauka da murya, kuma a kan tekun gaske aka ɗauke shi. Na zauna na kalla har ƙarshe. Babu sarkin jirgi mai ɗan fari, babu kiran suna, labarinsa wani ne daban. Busar tana nan, amma ko minti ɗaya ba ta kai ba. Na yi dariya ni kaɗai a cikin duhu, daga baya na yi kuka. Da wannan 'yar busa, da gurguwar Hausata, tsohuwa mai ido rufe ta gaya wa ɗanta abin da al'ada ta hana ta gaya masa kai tsaye, kuma ba ta kunyata shi a gaban iyalinsa ba.

Na daɗe ina ɗaukar darasin a kan cewa kunyar nan ce mai laifi. Yanzu ban yarda da haka ba. A inda aka haife ta tana da gari guda da ke fassara ta, goggo da kawu da maƙwabta, kowa na raɗa wa yaro cewa shi ne abin son. Mu mun ɗauko shirun mun hau jirgi da shi, mun bar masu fassarar a baya.

Da na je Lyon hutu na sami Baba yana shan shayi, na ba shi labarin fim ɗin. Sannan na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko bai taɓa jin ciwo ba, uwarsa ta rayu ta mutu ba ta kira sunansa ba.

"Ko sau guda ba ta hwaɗa ba," ya ce. "Kuma ko rana guda ban yi shakka ba." Ya juya kofin a hannunsa. "Shi ya sa na ɗauka shi ma ya sani. Shekara goma sha tara, Rabi, ina tsammani yaron nan ya sani."