Maganin Kaska a Kaina

A Coal Camp ta Inugu aka haife ni, a nan aka yi mini aure, kuma har na shekara a ɗaki ban taɓa ganin uwar mijina ba. Tana Kano. Abin da ta sani a kaina shi ne abin da fatake ke kai mata: wai ɗanta ya auri 'yar kudu mai zuba yaren Ibo, amma fa akwai gashi. Ba su yi ƙarya ba. Har gadon baya yake, in Gwaggo, ƙanwar babana da ta riƙe ni, za ta yi mini kitso sai ta ci ta ƙoshi tukuna.

Da rikici ya tashi tsakanin 'yan arewa da Ibo aka ce kowa ya nufi arewa, mutane na ɗaure kaya suna kuka. Ni ma na yi kukan, amma can ƙasan raina har da ɗoki. Zan je tsohuwar nan ta ga abin da ɗanta ya samo.

Sai ƙwarƙwata ta ce ba ta san zancen ba. Mutanenmu da suka gudo daga Anacha suka cika gidan da muke haya suna jiran jirgin ƙasa, mata da yara a tabarma ɗaya, matashi ɗaya. Ba a jima ba kowa ya kama susa. Gwaggo ta ɗauko reza ta bi kan yara ta yi musu tal-kwabo. Da ta waiwayo kaina na ce, "Gwaggo, wallahi sai dai ki yanka ni."

Maigidana dillalin shanu ne, yana da gwangwanin maganin kaska a bayan ƙofa. Ɗan kaɗan ake tsiyayawa a bokitin ruwa a wanke sa guda da shi. A zango kuwa ba abin da ba sa yi da shi: kaska, ƙuma, kuɗin cizo, har gyambon jaki. Gwaggo ta jijjiga gwangwanin ta ce abin da ya kashe kaska, ina ƙwarƙwata za ta kai labari?

Maigidan yana sa takalmi zai je tasha neman mana wuri, ya ce, "Gwaggo, a dai sirka da ruwa."

"Sirki na shanu ne, su da ba su da suma," in ji ta. "Jeka abinka."

Ta kwaɓa shi da man gyaɗa, ta tsefe ni, ta bi tsaga-tsaga tana shafawa, ta naɗe kan da ɗankwali biyu don kada ƙarfinsa ya fita. Ta ce in zauna a rana. Na zauna ina ta tunanin irin kitson da zan shiga Kano da shi.

Da farko zafi ne, na daure. Sai tsakar gida ta fara juyawa. Yawu ya riƙa zubo mini kamar jaririya, na kwara amai a kan kayan wata baƙuwa 'yar Anacha, Allah Ya ba ta haƙuri. Gwaggo ta ruga ta ɗebo manja za ta ɗura mini, tana salati. A nan ne na ji tsoro na gaske, don ban taɓa ganin Gwaggo ta rikice ba.

Matar mai gidan hayarmu, Ibo ce, Mama muke ce mata, ita ta fito ta shaƙi warin ta ce, "Chineke! Wa ya wanke saniya a gidana?" Ta fizge ɗankwalin, ta ja ni bakin famfo ta yi ta dirza da sabulu. Mai ya ƙi fita daga gashin. Ta miƙa wa Gwaggo hannu, Gwaggo ta sa mata reza. Ina ji ina gani, ko yatsa ba na iya ɗagawa, gashina ya riƙa faɗuwa a kwata.

Mama ce ta kai ni asibiti, a ranakun da Bahaushe ba ya son a gan shi a titi. A bakin ƙofa ta ce 'yarta ce ni. Malamin asibiti ya yi mini allura, ya ce maganin nan ba sai an sha ba, ta fata ma yana shiga jini, man da aka kwaɓa da shi kuma hanya ya ƙara buɗe masa. Manja ma ba ya karya shi. Har Gwaggo ta koma ga Allah ba ta yarda ta yi kuskure ba. Cewa take, "To, kin ƙara ganin ƙwarƙwata ko ɗaya?"

A jirgi na cusa tsumma cikin ɗankwali, na ɗaure tamau, ya yi tudu kamar na mai gashi. Kaina duk ƙuraje, jiri bai sake ni ba, ga haushi. Duk tsawon hanya ƙaryar da zan yi wa surukata nake shiryawa.

Tashar Kano cike take da masu jiran nasu. Wata 'yar tsohuwa ta kutso ta riƙe maigidana tana shafa fuskarsa, sannan ta juyo ta rungume ni da ƙarfi. Ashe surukar tawa ce. Ɗankwali ya zame, tsumma ya faɗi ƙasa a gaban jama'a. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta ɗora tafinta a kan ƙoƙon kaina, ta ce, "Sannu, 'yata, kun sha hanya." Ko zancen gashin ba ta yi ba. Idonta na bayanmu, wajen ƙofar tarago.

"Ba ku taho da ƙaninsa na Fatakwal ba?"

Ba mu taho da shi ba, ba mu ma ji labarinsa ba. Ta sunkuya ta ɗauki ɗankwalin, ta kakkaɓe, ta ɗaura mini da hannunta, ta koma tana duba masu saukowa.